Biskit gasasshe ko busasshiyar hanta: wanne ya fi wa kwikwiyo?

Ɗan'uwa, ka ce kana da kwikwiyo a gidan gonarka ta hanyar Jibiya, kana koya masa zama da zuwa idan an kira shi, kana son sanin ko ka gasa masa biskit ko ka busar masa da nama, don ba shi lada in ya yi daidai. Na yi wa karnukan gadinmu duka biyun, ga abin da na gani.

Biskit ya fi sauƙin kuɗi kuma yana da auki. Ka dafa dankalin Hausa ka murƙushe, ka fasa ƙwai ɗaya, ka zuba garin gero ko alkama har ya haɗe jikinsa. Ka murza shi falan-falan, ka yanka ƙanana. A oven, zafi digiri 180 na minti 20 zuwa 25 ya isa. In babu oven, tukunya da yashi a kan gawayi, yadda mata ke gasa kek, tana yi sarai. Babu sukari, babu gishiri, babu magi. Aibinsa laima: da damina, in bai bushe ƙamas ba, kwana 3 ko 4 zai yi fumfuna. In kuma za ka sa tunkuza, sai ta gyaɗar da ka tsince da hannunka, domin gyaɗa mai fumfuna tana ɗauke da gubar aflatoxin, kuma hantar kare ba ta jure ta.

Hanta ta fi tsada, amma wajen horo biskit ba ya kama ƙafarta. Ƙanshinta ne sirrin. Kwikwiyon da ya yi banza da biskit saboda kaji na wucewa, da ya ji hanta a hannunka idonsa ba ya barin ka. Sai dai a nan ne mutane ke kuskure, kuma abin na damuna: kada ka shanya ta ɗanya. Hantar tumaki da shanu, har da huhu, wani lokaci za ka ga ƙullutu mai ruwa a jiki. Wannan ƙwayar tsutsar hydatid ce. Kare ya ci ɗanye, tsutsar ta girma a hanjinsa, ƙwayayenta su fito a kashinsa, su kama mutane, musamman yaran da ke wasa a ƙasa. Da Babbar Sallah na sha ganin ana yanke irin wannan wurin a jefa wa kare. Binne shi ya kamata a yi. Mai kyan ma daga kwata ka tafasa ta har jan cikin ya tafi, ka yanka siri-siri, ka shanya a faranti da raga saboda ƙuda. Da hunturun Katsina kwana 2 ta bushe.

Kada ka cika masa ita, tana sa gudawa, kuma bitamin A ɗinta ya yi yawa ga ciyarwar kullum. Gutsure kamar ƙwayar wake ya isa lada ɗaya. Ko biskit ko hanta, kada su wuce kashi 10 cikin 100 na abincinsa na yini.

Na san za ka ce ai kilishi ma busasshen nama ne. Albasa da tafarnuwar da ke cikin yajinsa suna lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare, ko dafaffu ne ko garinsu. Haka zabibi yana taɓa masa ƙoda, cakulan kuma guba ne gare shi.

Ni a matsayinka hanta ko huhu zan riƙe don horo, biskit kuwa na ɗan taunawa da yamma. In damina ta kama ka, bayan tafasawa ka ƙarasa busar da hantar a tukunyar yashin nan da ƙaramar wuta, ka yi wadda za ta ishe shi mako guda kawai.