Kankana a jigawa, kokwamba a gangare

Malam, ka ce gonarka kashi biyu ce: sama jigawa mai rairayi, gangare kuma ƙasa mai laka wadda ke riƙe danshi, kana so ka yi noman rani na kankana da kokwamba, ka rasa wacce za ka sa a ina. Amsar tana wajen saiwarsu.

Saiwar kankana nitsewa take yi, takan wuce mita 1 in ƙasa ta ba ta hanya. Shi ya sa take son jigawa: rairayi yana saurin ɗumama, ruwa ba ya kwanciya, saiwa ta bi danshi can ƙasa ta sha. Kokwamba kuwa yawancin saiwarta a sama-sama take, cikin santimita 30 ko ɗan fiye. Da zarar saman ƙasa ya bushe ta ji a jikinta, sai ka ga 'ya'yan sun lanƙwashe, wasu har da ɗaci. Ita ƙasa mai haɗin yashi da laka take so, wadda ta ƙoshi da ruɓaɓɓen taki. Don haka ni dai kankana zan kai sama, kokwamba gangare.

Amma kar ka ji na ce gangare ka tura ta cikin dabaro. Kokwamba tana son danshi, ba ta son kwanciyar ruwa. Ɗaga mata kunya, ka zuba takin shanu ko kashin kaji da ya huce mako 2 kafin shuka. Kankana ta fi ta rashin haƙuri a nan: a laka mai nauyi saiwarta ruɓewa take yi, cutar yaushi ta kama ta, 'ya'yan da ke kwance kan jiƙaƙƙiyar ƙasa su lalace ta gefen da ke taɓa ƙasa. Wadda ta tsira ma zaƙinta bai kai ba. Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake cika wa kankana yuriya saboda ana ganin jigawa ba ta da ƙarfi. Yaɗo za ka samu har ya rufe gona, 'ya'ya kaɗan, lami. Rairayi ba ya riƙe taki, ruwa wanke shi yake yi, gara ka raba NPK ɗinka kashi biyu ko uku. Kuma in ta kusa nuna, wajen kwana 70 zuwa 90 gwargwadon iri, rage mata ruwa. Ban ruwa mai yawa bayan ƙishi shi ke fasa ta. Kokwamba ba a yi mata haka, tun da aka fara tsinka wajen kwana 45 ruwa ba ya yankewa.

Ta fuskar tsamin ƙasa ba su da nisa da juna, awon pH 6 zuwa 6.8 ya yi wa dukansu, sai dai kankana ta fi jure ƙasar da ta ɗan fi haka tsami. Inda ka ga farin kanwa yana fitowa bayan ban ruwa, kauce masa, dukansu ba sa so. In kana da hali, kai samfurin ƙasa Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya a auna maka.

Kafin ka sayi iri, haƙa rami iya gwiwa a kowane ɓangare. A jigawar duba ko akwai marmara a ƙarƙashi, don in akwai, saiwar kankana ba ta da wurin zuwa. A gangaren cika ramin da ruwa da yamma. In ka tarar da ruwan yana nan da safe, sai ka ƙara tsayin kunya ka fitar da magudana. Sannan tumɓuke tsohon tumatir ko kuɓewa in akwai a wurin, ka duba saiwa. In ta yi ƙulle-ƙulle, tsutsar saiwa ce, ta fi yawa a rairayi, kuma dukansu tana ci. Irin wannan wuri masara ko gero za ka fara sa masa.