WES da mu'addal ɗin jami'o'in Saudiyya: abin da kuɗinka zai saya maka

Ɗalibanmu da suka gama digirin farko a Jami'ar Musulunci ta Madina ko Ummul Ƙura ko Jami'ar Sarki Sa'ud, in suka nufi mastas a Amurka ko Kanada, sukan ci karo da sunan WES (World Education Services). Ƙungiya ce mai hedikwata a New York da reshe a Toronto, tun 1974 take tantance takardun karatun ƙasashen waje. Aikinta shi ne ta tabbatar jami'arka sananniya ce kuma takardarka ta gaskiya ce, sannan ta faɗi matsayin digirinka da makinka a ma'aunin can. A ganina aikin ya ci kuɗinsa, amma ga wanda jami'ar da yake nema ta nemi rahoton kaɗai.

Inda ta fi amfani shi ne lissafin maki. Yawancin jami'o'in Saudiyya kan 5 suke auna mu'addal, wato matsakaicin makin ɗalibi (GPA), Amurka kuwa kan 4. Da yawa daga cikinmu sai su raba da 5 su ninka da 4, mai 4.40 ya rubuta 3.52 a fom. Wannan kuskure ne, domin ma'aunin Saudiyya daga 1 yake farawa: wanda ya faɗi darasi 1 ake ba shi, ba sifili ba. Dubi jadawalin makinsu da kyau. Mumtaz murtafi'i, wato 95 zuwa 100, shi ne 5.00, jayyid jiddan na 80 zuwa 84 shi ne 4.00, maƙbul na 60 zuwa 64 shi ne 2.00. A jami'o'in ƙasar da ke aiki da ma'aunin 4, waɗannan su ne 4 da 3 da 1. Ke nan debe ɗaya ya fi kusa da gaskiya, 4.40 ta koma 3.40. Ko shi ma kirdado ne. WES darasi-darasi take bi, ta sa wa kowanne harafin makin Amurka (A, B, C da sauransu), ta auna shi da yawan sa'o'insa, sannan ta fitar da jimla. Shi ya sa mutum biyu masu mu'addal ɗaya kan iya tashi da sakamako daban. Akwai na'urar lissafi ta kyauta a shafinsu mai suna iGPA. A gwada ta kafin a biya ko sisi, amma jami'a ba ta karɓar abin da ta bayar a matsayin hujja.

Wajen biya a lura da nau'in rahoto. Document-by-Document matsayin digiri kawai yake faɗa, babu maki. Mai neman mastas Course-by-Course yake buƙata, wato mai bin darasi-darasi da fitar da maki. ICAP ƙari ne da ke sa a ajiye takardunka da aka tantance a kuma haɗa kwafinsu da rahoton, ya dace da wanda zai nemi jami'o'i da dama. Na shige da ficen Kanada kuma daban yake da na karatu, kada a gauraya.

Wahalar tana wajen takardu, kuma nan ne ɗan'uwa zai fi jin jiki. WES ba ta karɓar sijilin maki, wato takardar sakamakon darussanka, daga hannunka. Dole ya fito daga jami'a, ko dai ta hanyar lantarki da suka amince da ita, ko a ambulan rufe da hatimi a bakinsa. Ambulan da aka buɗe ya tashi aiki. Saboda haka ka buɗe asusu, ka karɓi lambar shaidarka, ka je imadar karɓa da rajista, wato ofishin rajistar ɗalibai na jami'arka, da ita tun kana ƙasar. Wanda ya riga ya yi huruj niha'i, wato ya bar Saudiyya gaba ɗaya, ya koma Kano ko Yamai, bin wannan daga nesa ba ƙaramin aiki ba ne. Lambar ta kasance a jikin duk abin da za a aika. WES ba ta fassara, don haka ka nemi sijili da shahada na Turanci daga jami'ar in tana bayarwa, in ba haka ba a yi fassara kalma da kalma wurin ƙwararre. Suna ma yakan jawo tsaiko: Usman a fasfo, Othman a shahada, ko ranar haihuwa da aka juya daga Hijira ta zame da kwana ɗaya. A gyara kafin a aika, domin ba sa fara ƙidayar kwanakin aiki sai takardu sun cika an karɓe su. Kada kuma ka sa ran shekarun ma'ahadin koyon Larabci za su shiga lissafin digiri.

Rahoton shawara ce, jami'a ke yanke hukunci. Wasu jami'o'in Amurka da kansu suke lissafi, wasu suna karɓar na ECE, wata ƙungiya mai irin aikin WES, ko na wata da ke cikin NACES, gamayyar irin waɗannan ƙungiyoyi a Amurka. Ingila tana da tata hukumar tantancewa, UK ENIC. Jamus kuwa tsarin Bavaria take bi, inda 1 ne maki mafi kyau: ka debe makinka daga mafi girma, ka raba da tazarar mafi girma da makin ci, ka ninka da 3, ka ƙara 1. Da 5 a sama da 2 a ƙasa, 4.40 ta zama 1.6. Mai nufin waɗannan ƙasashe ya karanta sharuɗɗan sashen da yake nema tukuna, in babu sunan WES a ciki ya riƙe kuɗinsa.