Bankok: kwana biyu a Nana, kwana biyar a Pratunam

Tun da Saudiyya da Tailan suka sasanta a farkon 2022, bayan shekara talatin da ɗoriya ana zaman doya da manja, jirage suka koma tashi zuwa Bankok, duk mai sayar da kayan yara a unguwarmu ta Hindawiyya a nan Jidda ko ta je ko tana tarin kuɗin zuwa. Ni sai bara Allah ya nufa, muka tafi ni da Alhaji. Otal biyu muka kwana. Ba zan kama sunansu ba, don ɗaya ina da ƙorafi a kansa, ɗayan kuma irinsa sun fi a ƙirga a layin.

Duk wanda na tambaya kafin mu tashi, amsa ɗaya ce: ku sauka a Nana, layin Larabawa, ba za ku ji kun bar gida ba. Gaskiya suka faɗa. Layi na 3 a kan titin Sukhumvit da ɗan lungun da ke maƙale da shi cike suke da gidajen mandi da shawarma da shagunan turaren wuta, allunan ma da Larabci. Babban asibitin Bumrungrad yana nan kusa, shi ya sa za ki ga iyalai daga ƙasashen Larabawa suna tura tsofaffinsu a keken marasa lafiya. Wanda jinya ta kawo shi, ba shi da unguwar da ta fi nan. To amma ni sari na zo, kuma in dai mandi ne ai a gida na baro shi.

Otal ɗin Nana na gan shi a hoto kamar fadar sarki. Da muka buɗe ɗakin, Alhaji ya ja labule sai ga bango. Babu taga. Ashe an rubuta a can ƙasan shafin da na biya kuɗin, da ƙananan baƙaƙe, arahar ce ta rufe mini ido. Ga bambancin awa huɗu tsakanin Jidda da Bankok, ga ɗakin da ba ya sanin dare ko rana. Washegari sai ƙarfe goma muka farka, asuba ta daɗe da wucewa. Na sauka na roƙi a canza mana, aka ce sai mun ƙara kusan rabin abin da muka biya. Da dare kuma in kika tsallaka titi zuwa layi na 4, mashaya ce jere da abin da ba a faɗa. Alhaji ya ce, “Hajiya, daga magariba kin gama fita.” Ban yi musu ba.

Abin da ya kore mu dai hanya ce. A taswira Nana da kasuwar Pratunam kamar ki miƙa hannu, amma ranar farko mun kusa awa guda a cikin tasi, mita tana ta ci muna tsaye wuri ɗaya. Jirgin sama-da-titi na BTS yana da sauri, tasha biyu ce zuwa Chit Lom sannan ki taka ta gadar ƙafa, sai dai gwada shiga da manyan ledoji huɗu lokacin tashi daga aiki ki ga ido. Mun gwada kwalekwalen rafin Saen Saep ma, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, amma ba ya jira, tsalle ake yi a shiga, ruwan kuma ba wanda za ki so ya taɓa abayarki ba ne.

Rana ta uku muka kwashe zuwa Pratunam. Wani mai shago ya gaya mini ma’anar sunan wai ƙofar ruwa, na yi dariya na ce ashe Kano muka dawo.

Otal na biyu ƙarami ne, yana cikin wani lungu a gindin dogon benen Baiyoke. Wannan karon sai da na hau na ga ɗakin da idona kafin na ba da ko sisi. Ɗakin matsattse ne, akwati biyu in suka buɗe sai an tsallaka su. Lifta ɗaya ce tak, mutum huɗu ta cika, da safe kuwa kowa da buhunsa, sai ki yi ta jira. Katifa mai tauri. Karin kumallonsu akwai naman alade a jere da sauran abinci, don haka tun ranar farko muka yafe shi. Da na sani da ɗaki kawai na biya. Sun karɓi kuɗin ajiya a hannu, sun kuma mayar mana cif ranar tafiya.

Duk da haka in zan koma gobe, can zan sauka. Kasuwar safe tana fara ci tun kafin gari ya waye, a bakin ƙofar otal ɗin. Ina sallame asuba sai in sauka, in zaɓi rigunan yara, uku-uku ake ɗauka kafin a ba ki farashin sari, in hau da su in ajiye in sake sauka. Wata rana sahu biyar na yi kafin hantsi. Da rana ta take sai mu shige Platinum, katafaren ginin shagunan tufafi da ke unguwar, inda akwai sanyin na’ura. Otal ɗin kuma yana da ɗakin ajiyar kaya a ƙasa da sikeli babba, yaron da ke wurin kuma shi ya ɗaure mana kwalaye ba tare da ya nemi komai ba, sai abin da muka ba shi. Bayan gida akwai ’yar mesar tsarki, butar da na sha wahalar cusawa a akwati ba ta yi aikin komai ba.

Alƙibla ce ta ba mu dariya. Mu da muka saba cewa a kalli gabas, a Jidda ma gabas ɗin ne, nan sai ga waya tana nuna yamma. Alhaji bai yarda ba sai da ya je Juma’a masallacin Darul Aman da ke layi na 7 a titin Phetchaburi, tafiyar ƙafa ce mai ɗan nisa. A layin ne kuma ya gano masu abincin halal, Musulmin ƙasar, ya dawo mana da shinkafa mai kurkum da kaza, ta fi mandin Nana araha nesa ba kusa ba. Daga ranar can muke cin dare.

Hayaniya akwai ta. Masu tura kaya suna fara ƙara tun ƙarfe huɗu, mai saurin farkawa ta nemi hawa na sama, ɓangaren da ba ya kallon lungu. Mai zuwa hutu da yara kuwa ban ba ta shawarar nan ba, hanyoyin sun yi cunkoso, babu inda yaro zai sake.

Ranar dawowa Alhaji ya so mu hau jirgin ƙasan filin jirgin Suvarnabhumi daga tashar Ratchaprarop, tunda tana kusa kuma bai kai baht 50 na kuɗin ƙasar ba kowane mutum. Ya tsaya ya dubi kwali shida da akwati uku a ƙofar otal, ya juyo ya ce, “Hajiya, kira mana babbar mota a manhajar Grab.”