Hular haƙori ta zakoniya: ƙarfi akwai, amma a kula da gugar samanta

Da matauni na ya tsage, likita a wani asibitin haƙori da ke Ikeja ya ce sai an sa masa hula. Zakoniya na zaɓa, wani irin tangaran ne mai ƙarfi. Tsada kam ta fi ta ƙarfe mai rufin tangaran, amma fara ce tas, babu baƙin layin nan da ke fitowa a bakin dasashi, kuma kilishi da soyayyar gyaɗa duk a kanta nake taunawa.

Abin da ya burge ni shi ne yadda tangaran yake jure irin wannan tauna. Ƙwayoyin zakoniya suna sauya siga da zafi: ƙasa da digiri 1170 a ma'aunin Salsiyas siga ɗaya ce, sama da haka wata ce mai ɗan matsewa. Masu yinta suna zuba sinadarin yitiriya, kashi 3 cikin ɗari a lissafin ƙwayoyi, don sigar zafin ta zauna ko bayan ta huce. Tsaga na farawa, sai ƙwayoyin da ke bakinta su koma ɗaya sigar, su kumbura da kusan kashi 4 cikin ɗari, su matse ta, kamar katakon kwalekwale da ke kumbura ya toshe ɓaraka. Masana a Ostireliya ne suka bayyana wannan a 1975.

Sai dai danshi ma yana jawo sauyin nan a hankali daga sama, abin ya yi kaushi. A 2001 an janye wasu kawunan ƙashin ƙugu na wucin gadi da aka yi da zakoniya, ƙirar Faransa, don sun riƙa fashewa a jikin majinyata. Baki kuwa ba ya rabo da yawu, shi ya sa lafiyar saman hular ba abin wasa ba ce.

A nan ƙorafina yake. Ranar sawa hular ta ɗan yi tudu, aka rage ta da inji, ba a goge sosai ba. Harshena ya dinga jin kaushi. Da na koma, wata likita ta taɓa wurin ta ce, "Hajiya, wannan kaushin cinye miki haƙorin sama zai yi." Ta zauna ta goge shi da ƴan robobi, daga mai kaushi zuwa mai laushi, har ya yi sumul. Tun daga nan ban ƙara jin komai ba.

Mai son ta haƙorin gaba ya tambayi wace iri za a sa masa. Mai yitiriya kashi 5 ta fi kama da haƙorin gaske wajen ɗaukar haske, amma ba ta kai mai kashi 3 ƙarfi ba.