Gidan ajiye gawa da ke kallon shagona

Ni tela ne. Shekara ashirin da 'yan kai ke nan ina taka keke a zauren gidanmu a nan Garwa ta ƙasar Kamaru, kuma duk Musulmin da ya rasu a layinmu ni ke yanka masa likkafani, ko dala ba na karɓa. Na fara da wannan ne don kada a ɗauka ganin gawa baƙon abu ne a wurina. Duk da haka, ranar da aka rubuta takardar ƙin yarda da buɗe gidan ajiye gawa a ƙofar shagona, sunana ne na uku.

Gidan na wani tsohon ma'aikaci ne, magada suka sayar. Da muka ga magina suna rushe bangon ciki, aka kuma sauke wasu ƙofofi masu kauri irin na firji, kowa ya ce gidan kifi za a yi, har matan layi suka fara murna. Sai da aka ɗaga allo da rubutun Faransanci da hoton kurciya muka gane. Morg ce, abin da 'yan uwanmu na Najeriya ke kira mutuware, amma ta ɗan kasuwa, haɗe da akwatuna da motar ɗaukar gawa da ɗakin taro.

A daren aka cika zauren jauro, wato mai unguwarmu, bayan Isha. Wani ya ce wari zai kore mu. Wani ya ce mata masu ciki ba za su iya bi ta layin ba. Mai gidajen haya ya ce 'yan hayarsa za su gudu. Da murya ƙasa-ƙasa har maganar fatalwa an yi, sai da liman ya tsawatar. Shi liman tambaya ɗaya ya yi: mu da muke wanka mu yi salla mu kai mutum makwancinsa kafin rana ta faɗi, wa za a ajiye? Maƙwabcina, wanda duk layi ke kira Metir saboda ya koyar da rabin yaranmu a firamare, yana zaune a bakin tabarma. Kirista ne, mutumin wajen Kayele. Ya ce, "Malam, ku naku ba ya kwana. Mu namu sai 'ya'ya sun iso daga Duwala." Ba wanda ya tanka masa, aka ci gaba da karɓar sa hannu.

Ɗan yayana mai jin Faransanci shi ya rubuta takardar. Shi ya gaya mana akwai dokar tsara birane ta 2004, kuma a ƙarƙashinta izinin gini daga wajen magajin gari yake fitowa. To, tun 2007 an raba Garwa gida uku, ga kuma babbar hukumar gari a samansu, don haka sai da muka yi yawo kafin mu san ƙofar da za mu ƙwanƙwasa. Inda muka dace an karɓe mu da mutunci. Aka ce mu faɗi cutarwar da muke tsoro, ɗaya bayan ɗaya. Muka ce wari, muka ce cuta. Aka turo masu duba tsafta, suka ga ɗakin sanyi, suka ga ramin da ruwan wanka ke shiga, suka ce ba laifi. Faɗin layin kuwa ba wanda ya auna, domin mu ma ba mu ambata ba. Aka buɗe, ni kuma na daina amsa gaisuwar mai wurin.

Wata bakwai bayan haka, cikin Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40 har bango ya kwana da ɗumi, aka buga mini ƙofa wajen ƙarfe ɗaya na dare. Madam ce, matar Metir, ba ko takalmi. Ta ce, "Malam Tela, Metir ya tafi." Ɗakin ajiya na asibitin da ya rasu a ciki babu wuri. Babban ɗansu yana Duwala: sai ya hau mota zuwa Yawunde, ya kwana a jirgin ƙasa zuwa Ngaundere, sannan ya sake kama mota ya gangaro Garwa, ga kuma ƙanwarsa da ba a samu ta waya ba tukuna. Ba namiji a gidan. Haka na tsallaka layi na danna ƙararrawar gidan da na rantse ba zan taka ba.

Danna ɗaya aka buɗe. Wani saurayi ne, bai tambaye ni kuɗi ba, sunan asibiti ya tambaya da takardar likita. Kafin rabin awa motarsu ta tashi, na shiga gaba. Da muka dawo ya rubuta suna a babban littafi, ya ɗaura wa Metir lamba a wuyan hannu, ya rubuta lambar a rasit ya miƙa wa Madam, ya ce ba wanda zai ga gawar sai da wannan takarda. Muna tsaye aka ɗauke wuta. A bazara wannan ba labari ba ne a wurinmu, in ruwa ya ja baya a madatsar Lagdo duk arewa sai ta ji a jikinta. Ban kai ga ƙirga ashirin ba janareta ya kama. Wari kuwa, in ban da na maganin goge ƙasa, hancina bai ji komai ba, daga ranar har yau.

Kwana tara Metir ya yi a wurinsu. Abin da ya sauya mini ra'ayi a kan mutanen gidan ya faru ne a rana ta takwas. Madam ta kawo mini kwat ɗinsa ta zuwa coci, jinya ta rame shi, ta ce in rage. Na rage, na tsaga bayan kamar yadda saurayin ya nuna mini don ta shiga ba tare da an wahalar da jiki ba, na kai da kaina. Wani dattijo ne ke shirya gawa. Ya rufe Metir da farin zane daga cibiya zuwa gwiwa, bai yaye ba har aka gama, daidai yadda masu wankanmu ke yi. Yana aiki yana yi masa magana da Fillanci a hankali, kamar mai lallashin mara lafiya: "Baba, kawo hannu. Yauwa. Saura ɗayan." Da ya zo ɗaura nakatayi ya kasa, ya kwance, ya sake, sau uku, har sai da ya zauna daidai. Ba dangi a ɗakin, ba wanda zai yaba masa sai ni da nake riƙe da almakashi.

To amma a zo maganar kuɗi, nan ne ba zan rufa musu asiri ba. A daren farko an ce mana sefa dubu shida kowane kwana. Na yi lissafina a kai na gaya wa Madam. Ranar biya sai ga takarda ta yi tsawo: allurar hana jiki lalacewa daban, kwalliya daban, hayar ɗakin taro daban, har shimfiɗar da aka ɗora akwati a kai da kuɗinta. Ba ƙarya suka yi ba, duk an yi abubuwan, sai dai ba wanda ya faɗa tun farko, kuma babu allon farashi a bango. Wanda ke cikin ɗimuwar rashi ba ya tambaya, su ma sun san haka. Akwatuna ma masu sheƙi da hannun zinariya su ne a gaba, na katako zalla suna can baya sai ka ce a nuna maka. Ɗan Metir ya ji kunyar yin ciniki a kan mahaifinsa, ya sa hannu a aljihu. Na riƙe shi na ce, "Ɗana, bari. Ni ɗan kasuwa ne, kunyar nan ba ta kama ni." Na zauna da mai wurin, wanda wata bakwai ban gaishe shi ba, ya cire kuɗin shimfiɗa, ya rage na akwati. Duk mai zuwa wurin, ya tafi da wanda mutuwar ba ta doke shi sosai ba, ya kuma ce a rubuta masa komai a daren farko.

Motarsu ce ta kai shi gida, ta Pitowa da Figil har ƙauyensu. Sun tashi a lokacin da suka ce, direban bai yi gudu ba.

Yanzu shekara ɗaya da rabi da buɗewa. 'Yan haya ba su gudu ba, mai gidajen ma ya ba wata mai sayar da furanni shago. Ni kaina, gaskiya ɗaya ce, ina samun ɗinkin anko daga masu makoki, don haka mai karatu ya auna maganata da wannan. Mu Musulmi ma mun taɓa shiga: wani direba ɗan Kusuri ya yi hatsari da dare, jandarmomi suka ce ba a binnewa sai sun gama takarda. Kwana ɗaya ya yi. Da safe suka ba mu ɗakin wanka, suka fita suka ja ƙofa, mutanenmu suka yi da ganyen magarya da kafur, aka kawo makara daga masallaci.

Amma wurin bai dace ba, kuma ba don abin da muka rubuta a takarda ba. Layinmu mota ɗaya yake ɗauka. Yawancin masu fitar da gawa Alhamis da Juma'a suke zaɓa, don a kwana ana addu'a a binne ranar Asabar. Ranar Juma'a tun hantsi sai ka ga an kafa rumfa a tsakiyar hanya, kujerun roba, mawaƙan coci, wani lokaci har da masu busa, 'yan moto sun jeru har ƙofar zaurena. Mai turin ruwa ba ya samun hanya. In abin ya ja zuwa azahar sai masu tafiya masallaci su riƙa ratsawa ta tsakiyar masu kuka da darduma a kafaɗa, kowa yana jin nauyin kowa. Sau biyu aka kusa yin faɗa, ba a kan addini ba, a kan wanda zai ja babur baya. Janaretan da na yaba kuwa, a jikin bangon ɗakin wata tsohuwa aka girke shi. Duk daren da babu wuta ba ta barci, hayaƙi kuma ta tagarta yake shiga. Da a ce ranar da aka tambaye mu mun ce a auna layi, a nuna mana inda motoci za su tsaya da inda injin zai zauna, da wataƙila an ɗaure mai wurin da sharaɗi tun kafin ya zuba kuɗinsa. Mun je da fatalwa, aka duba ba a gan ta ba.

Watan jiya jauro ya sake tara mu, wannan karon har da mai wurin. Abu uku muka nema: a gama fitar da gawa kafin ƙarfe goma ranar Juma'a, a mayar da janareta ɗaya gefen, ya kuma yi hayar fegin da ke ƙarshen layi don babura. Na farko ya amsa nan take, kuma Juma'a huɗu ke nan bai saɓa ba. Na biyu ya ce sai bayan damina. Na uku ya ce mai fegin ya tsuga kuɗi. Mun rubuta sabuwar takarda a kan biyun da suka rage, tana cikin durowar kekena ƙarƙashin alawayyo, mutum goma sha ɗaya sun sa hannu. Madam ce ta fara sawa.