Darasin mantiƙi da yamma a Zengo

Akwai malamin da ke koyar da mantiƙi, wato ilimin ƙa'idojin tunani da kafa hujja, a wani ɗakin kwamfuta a Zengo, nan Damagaram, jaka biyar a wata. Da kasuwar dabbobi yake farawa: duk raƙumi dabba ce, babu dabbar da take tsiro. Muna rubuta wannan a Protégé, manhajar Jami'ar Stanford da ake tsara abubuwa rukuni-rukuni a cikinta, na'ura ta gano da kanta cewa raƙumi ba tsiro ba ne. Ka saka raƙumi cikin tsirrai, da na'ura ta sake bincike sai sunan ya koma ja, alamar akwai saɓani. Nan na fahimci bambancin "duk" da "wasu". Takardun duk da Faransanci ne, amma malam yana fassarawa da haƙuri. Ɗakin dai ƙarami ne, ka zo da wuri ka sami kujera.