Gargaɗi ga masu neman tsohuwar mota mai araha: akwai masu ɓoye zafin inji

Jama'a, abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne na sake ganin mutumin da ya yi mini sakiyar da ba ruwa ya saka tallan wata motar, da kalmomin nan nasa da ya ja ni da su: "Inji lafiya lau, fenti da kujeru kawai take so." Na tabbata akwai wanda yake kallon tallan nan yanzu yana lissafin kuɗinsa kamar yadda na yi.

Na daɗe ina son in sayi tsohuwar mota in riƙa gyara ta kaɗan-kaɗan daidai ƙarfina. Tsatsa da yagaggun kujeru ba su dame ni ba, dama su na shirya wa. Sharaɗina ɗaya ne, inji ya kasance mai lafiya. Ranar da na je gani, na tarar an riga an tayar da ita tana sulo, fanka na ta juyawa. Na ce, "Malam, ai da ka jira ni mun tayar tare." Ya ce batir ne ya yi sanyi, shi ya sa ya ɗumama ta kafin in iso. Muka zaga kamar minti biyar, allurar zafi ba ta ko kai tsakiya ba. Na biya, na tafi da mota.

A rana ta huɗu, a kan wata doguwar hanya mai hawa, mota ta fara rasa ƙarfi, sai tururi ya turnuƙe daga ƙarƙashin bonet. Na dubi allura, tana nan inda take, ƙasa da tsakiya. Nan jikina ya ba ni cewa da hannun mutum a ciki.

Da bakanikena ya buɗe, abin da muka gani ya wuce sakaci. An cire tamostat, wato abin da ke buɗewa da rufe hanyar ruwan sanyaya inji, gaba ɗaya. An haɗa wayar fanka kai tsaye, tana juyawa daga kunna makulli har kashewa. A kan wayar da ke kai saƙon zafi zuwa dashbod an ƙulla wani ɗan ƙaramin resisto, mai rage ƙarfin lantarki, an naɗe shi da baƙin tef, domin allura ta riƙa nuna ƙasa da gaskiya. Baƙin mai sabo ne fil, an canza shi ne don kada a ga ya gauraya da ruwa. Sannan cikin lagireto cike yake da maganin nan na toshe yoyo da ake zubawa a ruwan inji. Asalin ciwon kuwa, gaskit ɗin kan inji, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, ya ƙone, shi kansa kan injin ya ɗan tanƙware saboda zafin da ya sha a baya.

Bari in tsaya a kan wannan, domin wanda ya fahimci yadda abin ke aiki da wuya a rufe masa ido. Yawancin injinan fetur suna aiki ne tsakanin digiri 90 zuwa 105 a ma'aunin Selsiyos. Tamostat tana rufe hanyar ruwa har sai inji ya ɗumama, ta fara buɗewa wajen digiri 82 zuwa 90, gwargwadon irin motar. Murfin lagireto kuma ba rufi kawai yake yi ba, yana riƙe matsi kusan 1 a ma'aunin matsi na "bar", kuma wannan matsin ne, tare da ruwan sanyaya inji da aka gauraya rabi da rabi, ke hana tafasa har sai an haura digiri 120. Idan gaskit ya ƙone tsakanin silinda da hanyar ruwa, iskar ƙonewar mai takan kutsa cikin ruwan, ta tura shi waje, ta bar iska a inda ruwa ya kamata ya ratsa. Maganin toshe yoyon nan, wanda wasu irinsa ke ɗauke da sinadarin sodiyum silikat, yana daskarewa a bakin ɓarakar idan ya ji zafi. Yakan riƙe na ɗan lokaci, isasshe a sayar da mota, amma yana iya toshe siraran hanyoyin cikin lagireto, ciwo ɗaya ya zama biyu. Nawa lagireton sai da aka canza shi.

Ba na cewa duk motar da aka cire wa tamostat ta macuci ce. Akwai makanikai da ke cirewa da zuciya ɗaya suna ganin taimako ne, ko da yake kuskure ne, domin inji ba zai riƙa kai zafin aikinsa da wuri ba, ya ƙara shan mai ya kuma riƙa cin kansa. Amma idan ka tarar da tamostat a cire, fanka a haɗe kai tsaye, sabon mai, ga kuma mai mota ya hana ka ganin ta a sanyi, to an shirya maka ne.

Saboda haka kada ka yarda a tayar da mota kafin ka iso. Ka ɗora hannu a kan inji ka tabbatar ya kwana. A sanyin nan ka buɗe murfin lagireto ka dubi ruwan: idan ka ga laka mai ruwan toka, ko ƙananan ɓarɓashi masu ƙyalli, ko mai yana yawo a sama, ka tambayi dalili. Ka sa a tayar murfin yana buɗe, ka zuba ido. Kumfa da ke ta tasowa ba ƙaƙƙautawa, musamman idan an taka totur, alama ce babba. Bayan an kashe an mayar da murfi an sake tayarwa, ka matsa tiyon sama na lagireto. In ya yi tauri kamar taya tun inji bai ɗumama ba, iska ce daga silinda. Farin hayaƙi a salansa da sanyin safiya ba komai ba ne, amma wanda ya ƙi ɗaukewa bayan inji ya yi zafi, mai ɗan ƙamshin zaƙi, ruwa ne ke ƙonewa. Idan bakanikenka ya kwance fulogogi ya ga ɗaya ya fi sauran tsabta kamar an wanke shi, tururi ne ya wanke shi.

Akwai gwaje-gwaje biyu da na yi nadamar rashin yi. Na farko wani shuɗin ruwa ne da ake sa wa a ɗan bututu a bakin lagireto. In akwai hayaƙin ƙonewa a cikin ruwan injin fetur, sai ya koma rawaya. Na biyu na'urar OBD2 ce da ake jonawa a ƙarƙashin sitiyari, wadda motocin kasuwar Amurka ke da mahaɗinta tun 1996, na fetur a Turai kuma tun 2001. A tsofaffin motoci da yawa, kwamfutar inji tana da nata ma'aunin zafi daban da na allura, don haka za ta faɗa maka ainihin digirin, ta kuma nuna idan ba a daɗe da goge bayanan matsala ba. Sannan gwajin tuƙi na minti biyar ba gwaji ba ne. Ka yi rabin awa, ka hau tudu, ka kunna iyakwandishan, ka dawo ka bar ta a sulo minti goma. Idan iyakwandishan na kashe, fankar lantarki mai lafiya tana kamawa ne ta saki da kanta.

Wanda kuma ya riga ya sayi mota tana zafi, kada ya faɗa hannun macuci na biyu, wato bakaniken da bai gwada komai ba zai ce a sauke kan inji. Zafi a cunkoso da ke sauka idan an kama hanya, galibi fanka ce ko fis ko rile, wato makunnin da ke ba ta wuta. Zafi a kan gudu ko hawa yakan nuna toshewar lagireto, ko famfon ruwa da ya gaji, ko tamostat da ta maƙale. Raguwar ruwa a hankali tana iya zama tiyo ko murfin da ya daina riƙe matsi. A fara da waɗannan, a yi gwajin matsi, kafin a taɓa gaskit. Don Allah kuma kada kowa ya buɗe murfin lagireto inji na da zafi, ruwan yakan yi tsartuwa ya sale fuska da hannu. A tsaya, a kashe, a jira ya huce.

Na koma wurin wanda ya sayar mini da resiston a hannuna. Ya kalle shi ya ce, "Malam, ai kai ka tuƙa ta da hannunka, ka gani ka ce ta yi maka." Takardar da muka rubuta ba ta ambaci lafiyar inji ba ko da kalma ɗaya, kuma ban je da bakanike ko shaida ba. Duk wanda zai biya, ya sa a rubuta cewa inji ba ya zafi kuma ba a zuba masa maganin toshe yoyo ba, mai mota ya sa hannu a gaban shaidu. In ya ƙi, ka riƙe kuɗinka.

Motata tana gareji yanzu, kan injin kuma yana wurin masu goge shi. Sun ce za su fara gwada shi da matsi tukuna, domin idan ya tsage, gogewa ba za ta yi amfani ba, sai dai in nemi wani.